'Yan Wasa Biyu da Na Bayar Aro

Ƙwallon na fara gani kafin in ga mai keken. An naɗe ta cikin wani tsohon ɗankwali an ƙulle a bayan keke, sai ta yi kama da ƙwaryar fura da za a kai gona. Ina zaune a gindin darbejiya a bakin makarantar firamaren da nake koyarwa a Funtua, an fita tara, littafi yana kan cinyata. Ba na aji ba ne. Irin ƙananan littattafan soyayyar nan ne da aka fara kawowa tasha a shekarun tamanin, masu tawada mai kama yatsa. Shekarata ashirin da biyu, kuma duk littafin da ya shigo garin sai na karanta shi. A cikinsu na koyi yadda namiji yake tsayuwa, da yadda yake yafe wa abokin karawarsa a gaban jama'a har mata su share hawaye.

Mai keken ya sauka, ya zaro ƙafar wandonsa daga cikin safa, ya yi sallama. Dattijo ne siriri, zai kai hamsin. Ya ce malamin wasanni yake nema. Na ce ni ne. Ya dube ni, ya dubi littafin, sannan ya zauna a gefen bencin da nake kai.

Hedimasta ne a wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye can bayan Maska, kuma shi ne malamin aji shida. A hannun 'yan mishan ya yi karatu, aka mayar da shi cikin mutanensa.

Ya ce, "Malam, wasa na zo roƙo. Guda ɗaya tak."

Na ce ina jin sa.

"Ka san kaka. Da auduga ta fashe, aji ya watse. Bara da kyar na kai yara uku jarrabawar shiga sakandare. Bana sai na yi dabara, na sayo wannan." Ya nuna ɗankwalin da haɓarsa. "Na ce wanda bai zo aji ba, ba zai taɓa ta ba. Yara sha huɗu gare ni, har yau ba wanda ya yi fashi. To, iyaye sun fara gunaguni. Sarkin nomanmu yana da ɗa a cikinsu. Ya ce guje-gujen banza ne, gona tana jira. Na roƙe shi ya bar mini su zuwa jarrabawa. Ya ce sai ya gani da idonsa. In yaran za su iya tsayawa gaban 'yan birni kamar maza, ya bari. Shi kuwa in ya bar nasa, kowa zai bari. In ya janye, ajin ya tashi ke nan."

Na ce, "Baba, yaranmu fa sun iya."

"Na sani. Ba cin ku na zo nema ba. Su dai buga daga farko har ƙarshe, iyayensu suna kallo. Shi ke nan."

Na saurare shi, amma irin sauraron da nake yi wa mutanen cikin littafi. Tun yana magana na fara ganin kaina a tsakiyar labarin. Na ce ya kawo su ranar Asabar ta sama, bayan la'asar.

Ya kamata in faɗi irin yaran da nake da su. Da yawansu a makare suka shiga makaranta, lokacin da gwamnati ta ce kowa ya kawo ɗansa. Akwai biyu da nake zargin sun fara aske gemu. Suna da jajayen riguna, rabinsu suna da takalman kambas, kuma shekara biyu ba wata makaranta a garin da ta ci mu. Ina da 'yan aji huɗu da za su yi daidai da yaran dattijon. Ko sau ɗaya tunaninsu bai zo mini ba.

Ranar Asabar suka iso a tirelar tarakta, wadda ake kai auduga kasuwa da ita. Suna dirowa, kowa da farin gashin auduga a kansa da girarsa. Rigunansu singileti ne da aka rina da shuɗin wanki, an rubuta lamba a baya da fenti. Ba mai takalmi ko ɗaya. Iyaye maza kamar takwas suka biyo su, suka shimfiɗa tabarmi a bakin layi. Ba sai an nuna mini sarkin noma ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da malfa a kansa, kuma sai da ya zauna sauran suka zauna.

Ta ƙarshe da ta sauko 'yar dattijon ce, ɗaliba a makarantar horon malamai ta wajen Malumfashi, ta zo hutu. Tana riƙe da bokitin ruwa da tiren lemo da aka yanka huɗu-huɗu. Sau ɗaya na dube ta. Kafin alƙalin wasa ya hura usur, na riga na rubuta babi uku a cikin kaina, har da wasiƙar da za ta aiko mini da wadda zan mayar.

Ba a yi minti biyu ba muka jefa ta farko. Ta biyu da ta uku suka biyo baya kafin mutane su gama zama. Yaran ƙauyen ba ragwaye ba ne, ƙarfi gare su, suna da gudu, amma duk inda ƙwallo ta nufa sai su bi ta gaba ɗaya, su bar bayansu a buɗe. Ɗan sarkin noma ne kaɗai yake tsayawa a baya. Lamba biyar ce a rigarsa, gajere kamar ubansa. Manyan yarana su bangaje shi ya faɗi, ya tashi ya sake tarar su. Sau nawa aka yi haka, ban ƙirga ba.

'Yan kallo na gari suka fara abin da suka saba.

"Gola, ko a kawo maka tabarma ka kwanta?"

"Kai mai lamba tara, ba nan ne gonar ba, can baya ka baro ta!"

"Shida! A cika musu goma su kai tsaraba!"

Akwai abin da ke faruwa a kan tabarmin nan da ban kula da shi ba sai daga baya, da na yi ta juya ranar a raina. Iyayen ba su sunkuyar da kai ba. Sarkin noma ya ture malfarsa baya, yana buga cinya yana cewa, "Tashi! Bi shi! Haka!" Har dariya ya yi da ɗansa ya kwashe ƙafar babban ɗan wasana. Ni a lokacin idona yana wani wuri. Yarinyar ta yi tagumi a gefen bokitinta, ni kuwa na ɗauka tagumin nan kira ne gare ni.

Aka tafi hutun rabin lokaci bakwai da nema.

Ina yaro ana kai ni Tsiga wajen kawuna da damina. Nan na taɓa ganin gayya. Samari sun jeru da garemani, kowa da layinsa, makaɗi yana bin su da gangar noma. Waɗanda suka riga kaiwa ƙarshe sai su juyo, su kama layin wanda ya rage a baya daga ɗaya bakin, su yi ta huɗa har su haɗu da shi a tsakiya. Ana cewa an tarbe shi. Daga inuwar da nake zaune, ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Na riƙe shi a raina shekaru, a matsayin yadda mutanen karkara suke taimakon juna. Da na tuna shi a bakin filin nan, sai na ji kamar an miƙo mini shafin da ya ɓace a littafi.

Na kira manyan yarana biyu, mai cin ƙwallo da mai raba ta a tsakiya. Na ratsa fili da su har inda dattijon yake tsugune yana wa yaransa magana. Na ɗaga murya yadda tabarmi za ta ji, da mai bokiti.

"Baba, wasa ba yaƙi ba ne. Ga biyu daga cikin yarana, waɗanda suka fi kowa iyawa. Na ba ku aronsu zuwa a tashi."

Ya miƙe da sauri, ya matso kusa da kunnena. "Malam, bari. Mun gode, Allah ya saka. Bar su su ƙarasa abinsu."

"Haba Baba. Ku baƙinmu ne. Ai ba ka mayar mini da hannu ba a gaban mutane."

Da ƙarfi na faɗe ta. Wasu suka tafa. Hedimastanmu, daga kujerarsa, ya gyaɗa kai. Dattijon ya dubi tabarmi, ya dubi ƙasa. Na rufe masa ƙofa. Baƙon da aka yi wa kyauta a bainar jama'a, in ya ƙi, shi za a kira marar mutunci.

Ya ce, "To."

Sai alƙalin wasa, wani abokin aikina, ya matso yana goge usur a rigarsa. "Sha ɗaya-sha ɗaya ne fa. In biyu za su shiga, biyu su fita. Kuma su canza riga, kada in rikice."

Wallahi ban yi wannan lissafin ba. A cikin kaina bayarwa kawai nake yi, ban ga cewa za a karɓe wa wani ba. Kafin dattijon ya zaɓi waɗanda za su fita, babban yarona ya riga ya taka zuwa wanda ya fi kusa da shi, ya ce, "Cire." Wanda ya fi kusa kuwa mai lamba biyar ne, don shi ne ya matso gaba ya ji abin da ake cewa. Dattijon ya ce, "A'a, ba shi ba," amma yaron ya riga ya zare singiletin ta kansa ya miƙa. Rigar ta yi wa yarona kaɗan. Yana cusa hannu ta yage a hammata, filin ya kwashe da dariya. Ɗan sarkin noma ya tafi bakin layi ya zauna ba riga, ya rungume gwiwoyinsa, nesa da tabarmin ubansa.

Aka dawo. Yarana biyu suka karɓi ƙwallo, suka ratsa abokansu, abokan suna dariya suna buɗe musu hanya. Cikin ɗan lokaci suka jefa biyu a ragarmu. Yaran ƙauyen ba su yi murna ba. Tsayawa suka yi suna kallo, don ba mai ba su ƙwallon ma.

Daga cikin 'yan kallo wani da ya san gona ya ɗaga murya: "An tarbe su!"

Nan da nan aka ɗauka. Wani ya samo galan ya fara buga masa kiɗan gangar noma, ana amsawa. "An tarbe su! An tarbe su!"

Jin kiɗan nan ne ya dawo mini da sauran abin da na gani a Tsiga, wanda na ajiye gefe don bai yi kyau a labari ba. Saurayin da aka tarba bai zauna cin tuwo da mutane ba a ranar. Makaɗin ya bi shi da kiɗa har bakin gona, 'yan matan da suka kawo ruwa suna guɗa.

Sarkin noma ya miƙe. Bai yi sauri ba. Ya gyara malfarsa, ya shiga fili ana cikin wasa, ya ratsa ta tsakiyar yara kamar yana ratsa gonarsa. Alƙali ya hura usur. Ya zo ya tsaya a gabana, kansa bai wuce kafaɗata ba.

"Kai ne malamin?"

"Ni ne, Baba."

"Ka taɓa riƙe garma?"

"Na dai ga ana..."

"Ka gani." Ya gyaɗa kai. "Yaro, tun ba a haife ka ba nake shiga gayya. An wuce ni, ba sau ɗaya ba. Wanda aka wuce yana gama layinsa ko da rana ta faɗi, ya wanke hannu ya ci tuwo da mutane. Wanda aka tarba kuwa, waƙa ake masa har wata damina. Bakwai ɗin nan ba su yi mini zafi ba. Yana faɗuwa yana tashi, ina kallo. Ko ashirin ne da ina zaune. Wa ya ce maka ya gaji?"

Bai jira amsata ba.

Ya juya ya kira ɗansa. Yarona ya cire yagaggen singiletin da sauri ya miƙa masa. Sarkin noma ya ce wa ɗan, "Bar masa, ai an ba shi." Suka nufi tarakta, yaron a gaba ba riga. Sauran iyayen suka naɗe tabarmi, kowa ya kira nasa. Yara huɗu ne suka rage a fili, waɗanda iyayensu ba su zo ba, suna ta waige-waige. Alƙali ya dube ni, ya sa usur a aljihu.

Dattijon ya zo ya ba ni hannu. "Da kyakkyawar niyya ka yi, Malam. Na sani."

'Yarsa ta tuttular da sauran ruwan bokitin a gindin bishiya. Ta kawo tiren lemon ta ajiye a kan bencina. Karo na farko ke nan da ta yi mini magana, kuma na ƙarshe.

"Ga shi, ka raba wa yaranka. Ai su suka yi wasan duka."

Bayan mako biyu na hau motar Maska, na ƙarasa da ƙafa. A aljihuna akwai wasiƙar neman gafara mai shafi huɗu, wadda na sake kwafewa sau uku. Hanya duk gonakin auduga ne, fari fat, mutane sun duƙa a ciki. Na ga yara da buhuna a wuya, na kau da kai kada in gane wani.

Na same shi a aji yana koyar da lissafi. Yara huɗu ne a gabansa, bencuna bakwai ba kowa. Ya ba su aiki ya fito. Ya karanta shafin farko a tsaye, ya duba ya ga saura uku, ya ninke ya sa a aljihu.

"Hausarka tana da daɗi," ya ce.

Na tambaye shi sauran yaran. Ya ce sau uku yana zuwa gidan sarkin noma. An karɓe shi da mutunci, an ba shi fura, an ce masa yaro ya gama boko. A dandali ma an fara yi wa yaran waƙar, shi ya sa ko waɗanda iyayensu za su bari ba sa son a gan su a hanyar makaranta.

Na ce, "Bari in je da kaina in ba shi haƙuri."

"Kada ka je, ɗana. Jawabi za ka yi masa."

Ya raka ni har bakin hanya. Yara huɗun nan su ne suka zauna jarrabawa a shekarar.

Na daɗe ina riƙe da wasanni bayan wannan, a makarantu uku. An ci mu da yawa, mun ci wasu da yawa, har abin ya daina ba ni mamaki. Kowace shekara akwai wata ƙaramar makaranta da za a haɗa da babba, kuma tun kafin a fara kowa ya san yadda za a tashi. Abin da na iya yi bai da yawa. Nakan je in ga yaran ɗaya makarantar tukuna, in zaɓo nawa daidai tsayinsu. In ƙwallaye suka fara yawa, sai in kira babba in ce ya zo ya huta, in tura ƙarami, ba tare da na dubi kowa ba. Wani lokaci duk da haka sai a ci goma. Sai in zauna in jira usur na ƙarshe, in je in gaisa da ɗaya malamin, kada in ce masa komai sai sannu da ƙoƙari. Hedimastoci sun sha yi mini faɗa a kan ajiye manyan yara a benci. Na gaji da bayani, na koma cewa ciwon ƙafa suke yi.

Dattijon kuwa, bayan shekara biyu aka ɗauke shi daga ƙauyen, saboda ajin shida ya ƙi cika. Aka mayar da shi malamin aji a wata makaranta kusa da Malumfashi, a nan ya yi ritaya. Na daɗe ban ji labarinsa ba.

Wata rana ina dawowa daga gaisuwar rasuwa a Malumfashi, na shiga motar Funtua, sai ga shi a kujerar baya. Ya tsufa, gwiwa ta fara ba shi wahala, ya ɗora dashen mangwaro uku a kan cinyarsa, kowanne cikin leda. Ya gane ni kafin in gane shi. Muka matsa wa juna. Muka yi hirar taki da ya yi wuya, da ruwan da ya makara, da jikokinsa. Ya ce lambu yake yi yanzu a bakin wani rafi.

Can na yi ƙarfin hali na tambaye shi ko ya sake haɗa 'yan wasa a makarantar da aka kai shi.

Ya ce, "A'a. Akwai ƙwallo a ofis. Na bar wa matasan malamai."

Kafin mu kai Bakori ya buga jikin mota, direba ya tsaya a wata mararraba da ba gida ko ɗaya a kusa. Ya sauka a hankali, yana dafa ƙofa. Na miƙa masa dashen ta taga, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in gai da gida.

Damina biyu bayan nan wani malami da ya yi aiki da shi ya gaya mini ya rasu, an binne shi a bayan cocin ƙauyensu.